Makullin kanti na hannuna, amma albashina ɗaya da na sabon zuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ina aiki a wani kantin kayan abinci a Birmingham, wata 18 ke nan. Mai kantin yana da rassa uku. Ana biyana fam 12.21 a awa, ina yin awa 30 a mako. Yanzu ni ke buɗe kanti da safe, ni ke rufe lissafin kuɗi idan manaja ba ya nan, kuma mutum huɗu na koya wa aiki. Amma da ni da wanda ya zo jiya kuɗinmu ɗaya. Ina son in nemi ƙari, sai dai ina jin nauyi, ina kuma tsoron kada a rage mini awanni ko a kore ni. Me zan ce, nawa zan nema, kuma yaushe?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekara 14 na yi a aikin kanti a ƙasar nan ta Birtaniya: shida ina jera kaya a kanta da tsayuwa a kashiya, takwas ina kula da ma'aikata, ina tsara jadawalin aiki, ina kai wa masu kanti buƙatun mutanen da ke ƙarƙashina. Na zauna a kujerar mai neman ƙari, na kuma zauna a kujerar wanda ake nema a wurinsa. Tun kafin in yi nisa bari in gaya maka, wanda aka damƙa wa makulli da lissafin kuɗi bai kamata a same shi a kan mafi ƙarancin albashi ba. Kana da hujja. Abin da ya rage shi ne yadda za ka ɗauke ta ka kai.

Nauyin da kake ji na san shi, na kuma san inda muka samo shi. A Kantin Kwari ko Singa, yaron shago ba ya tsayawa gaban maigidansa ya ce a ƙara masa. Duƙufa yake yi, ya riƙe amana, ya yi kawaici, maigida kuwa yana gani. Sallah ta zo a yi masa ɗinki, mahaifiyarsa ta kwanta a taimaka, aure ya tashi a tsaya masa, in shekaru sun cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Shirun yaro a can ajiya ce, akwai ranar biyanta, in dai maigidan mai tsoron Allah ne. Nan babu wannan ranar. Tsakaninka da mai kanti awa ce: ka ba shi awa, ya ba ka kuɗinta, kun rabu ba bashi. Ba wanda yake tara maka komai a gefe. Kawaicin da kake yi saboda girmamawa, su fassararsa suke yi da cewa ka gamsu.

Zan faɗa maka abin da ke cikin kan manaja, ko da yake ba na jin daɗin tunawa da shi. Ma'aikata kashi biyu ne a wurinsa: waɗanda za su iya tafiya, da waɗanda suka zauna daram. Idan ɗan kuɗin ƙari ya samu, kashi na farko ake fara dubawa, domin tafiyarsu ce za ta hana shi barci. Mai haƙuri, mai zuwa da wuri, wanda ba ya ƙorafi, yana kashi na biyu. Ana son sa, ana yabon sa, ana cewa da za a samu irinsa biyar da an huta, amma sunansa ba ya hawa takarda. Yawancin mutanenmu da na yi aiki da su a wannan kashi na biyu suke, kuma su suka fi kowa riƙon amana. Ka tuna Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasar, ya kuma faɗi dalili: yana da tsarewa, yana da sani. Faɗin abin da ka iya a wurin da ake buƙatar a sani ba fahariya ba ne.

Abu na farko da za ka bincika shi ne wuƙa da nama a hannun wa suke. A manyan kantuna irin su Tesco, kuɗin awa na masu jera kaya da kashiya ba manajan reshe ke yanke shi ba. Kamfani ne ke zama da ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan kantuna, wato Usdaw, a daidaita, kowa a mataki ɗaya ya karɓi abu ɗaya. Wanda ke aiki a irin wannan wuri in ya je wa manajansa da maganar ƙarin kwabo 50, ya kai ƙara gidan da ba alƙali. Hanyarsa ita ce neman hawa mataki, ko neman aikin da ke da nasa alawus, kamar aikin dare. Kai naka daban ne, kuma sa'arka ke nan. Kanti mai rassa uku mutum ɗaya ne ko iyali ɗaya ke yanke hukunci, yau in ya ga dama gobe an ƙara. Sai dai ka gano ko manajanka yana da iko, ko shi ma kai saƙo yake yi. In ɗan aike ne, kada ka tsallake shi ka tafi wurin mai kanti kai tsaye, za ka mai da shi abokin gaba a banza. Ka ba shi abin da zai ɗauka ya kai, a rubuce, yadda ba zai sha wahalar kare ka ba. Sau da yawa na shiga ofishin mai kanti ina son in yi wa wani magana, amma ba ni da komai a hannu sai "yana da ƙoƙari". Wannan kalmar ba ta taɓa fitar da kwabo ba.

Kafin maganar ƙari, akwai abin da ya tsaya mini a rai cikin tambayarka. Ka ce kai ke buɗe kanti, kai ke rufe lissafi. Daga wane lokaci ake fara ƙirga maka awa? In jadawali ya ce ƙarfe 8 amma kai tun 7:40 kana can kana ɗaga ƙofa, kana kunna fitilu, kana duba firiza, kana zuba canji a injin kuɗi, wannan minti 20 aiki ne. Haka mintunan da kake ƙarawa bayan tashi kana ƙirga kuɗi. Yi lissafi da ni. A ce rabin awa ke tafiya haka kullum, kwana biyar a mako, awa biyu da rabi ke nan. Ana biyanka awa 30 a kan fam 12.21, wato fam 366.30. Raba shi da awa 32 da rabi da ka yi a zahiri, zai ba ka fam 11.27 a awa. Ka faɗa ƙasa da abin da doka ta yanke, domin daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026 fam 12.21 shi ne ƙasan ƙasa ga duk wanda ya kai shekara 21. Haka nan in an cire maka kuɗin rigar aiki daga albashi, ko an sa ka saye ta da kuɗinka, shi ma yana iya jawo ka ƙasa da layin. Wannan ba alfarma ba ce da ake roƙo, haƙƙi ne. Hukumar haraji ta HMRC ce ke bin sa, tana iya komawa baya har shekara shida, ta sa a biya ma'aikaci, ta kuma ci tarar mai kanti har ninki biyu na abin da ya danne. Tun Afrilun 2019 doka ta wajabta a nuna adadin awanni a takardar albashin duk wanda kuɗinsa ke tafiya da awa, don haka ka ɗauko takardunka ka gwada su da abin da ka sani ka yi.

In ka samu akwai giɓi, shawarata kada ka cakuɗa shi da neman ƙari a zama ɗaya. Yawancin ƙananan masu kanti ba da gangan suke yi ba, sun saba ne, ba wanda ya taɓa tanka musu. Ka fara da shi, cikin ruwan sanyi: "Na lura ranakun da nake buɗewa ina fara aiki 7:40, jadawali kuwa yana nuna 8. Don Allah a gyara." Yadda suka karɓi wannan ƙaramar magana zai nuna maka irin mutanen da kake tare da su. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Yanzu batun nawa. A nan mutane da yawa ke yin kuskuren da ba sa gane shi sai bayan wata uku. Mafi ƙarancin albashi a Birtaniya kowace Afrilu yake tashi. A 2023 fam 10.42 ne, a 2024 ya zama 11.44, a 2025 ya zama 12.21, na Afrilun 2026 kuwa 12.71 ne. To a ce ka je a Janairun 2026 ka sha fama, aka ce an ƙara maka kwabo 50, ka koma 12.71, ka fito kana murna. Afrilu na zuwa, wanda ya zo jiya shi ma doka ta kai shi 12.71, kun sake zama ɗaya. Mai kanti bai ba ka komai ba sai abin da dama dole zai bayar, ya dai gaggauta shi da 'yan makonni. Na ga an yi wa mutane haka, wasu ma har suna godiya. Don haka kada ka nemi lamba, ka nemi tazara. Ka ce kana son kuɗinka ya zama kaza sama da mafi ƙarancin albashi, duk lokacin da ya tashi naka ya tashi tare da shi, kuma a rubuta hakan. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a duk abin da zan gaya maka.

Tazarar nawa? Kada ka ɗauko ta daga kanka. Ka zauna dare biyu ka duba tallan neman ma'aikata a shafin intanet na Indeed da shafin neman aiki na gwamnati, ka nemo abin da kantunan Birmingham ke biyan mai riƙe makulli ko mai kula da ma'aikata, ka ɗauki hoton guda uku ko huɗu. Aldi da Lidl suna bayyana kuɗin awarsu a fili, kuma sun daɗe suna gaba-gaba a wannan fanni, su ma ka duba. Akwai kuma ma'aunin da gidauniyar Living Wage Foundation ke fitarwa duk shekara bisa tsadar rayuwa. Na ƙarshen 2025 shi ne fam 13.45 a wajen Landan, 14.80 a Landan. Ba doka ba ce, wanda ya ga dama ke bi, amma lamba ce da mai kanti ya sani, ba zai ce ƙirƙiro ta ka yi ba. Da ni ne kai, fam ɗaya zan nema sama da ƙasan ƙasa, in sa a raina cewa zan sallama a kwabo 75. Kwabo 75 a kan 12.71 zai kai ka 13.46, kusan daidai da wancan ma'auni. Ƙasa da kwabo 50 kuwa, a ganina, bai kai nauyin makulli ba. Ranar da aka fasa kanti ko kuɗi suka yi ƙafa, kai za a fara kira.

Yana da kyau ka san abin da kake nema zai ci wa mai kanti. Kwabo 75 sau awa 30 fam 22.50 ne a mako, fam 1,170 a shekara. A kan wannan zai biya kashi 15 na inshorar ƙasa da kashi 3 na fansho, duka wajen fam 1,380, wato kamar fam 26 da rabi a mako. Kai kuma bayan harajin kashi 20 da inshorar kashi 8, wajen fam 840 zai shigo hannunka kafin a cire naka na fansho. Riƙe wannan fam 26 a kanka. Shi za ka auna da abin da zai kashe in ka tafi: ya saka talla, ya tantance mutane, ya koyar, ya jure kurakuran sabo, sannan ya jira watanni kafin ya yarda ya miƙa wa baƙon ido makullin dukiyarsa, a tsakani kuwa shi ko manaja ne za su riƙa fitowa da asuba. In ya ce maka kuɗin ɗaukar ma'aikata sun yi masa yawa, ba ƙarya yake yi ba. A Afrilun 2025 aka ɗaga kason inshorar da masu kamfani ke biya daga kashi 13.8 zuwa 15, aka kuma sauko da inda yake farawa daga fam 9,100 zuwa 5,000 a shekara. Ƙananan kantuna sun ji a jikinsu. Ka amsa masa cewa ka san da haka. Mutumin da ya ga ka fahimci lissafinsa ya fi saurin sauraron naka.

Karo na farko da na nemi ƙari, ranar wata Asabar ce cikin Disamba, kanti cike, na tare manajata a bakin sito tana riƙe da takardun motar kaya. Na gaya mata an ƙara mini kuɗin haya, iyalina na hanya, ga mahaifina ba lafiya a gida ina aika kuɗi. Duk gaskiya ne. Ta saurare ni, ta tausaya ƙwarai, ta ce za ta duba ko akwai ƙarin awanni. Abin da na samu ke nan: aikin Lahadi, a kan kuɗin da nake karɓa. Na daɗe ina jin zafin abin, sai da na hau kujerarta na gane ba mugunta ta yi ba. Na kai mata buƙata, ta ba ni maganin buƙata. Ba ta da hanyar da za ta shiga wurin mai kanti ta ce a ƙara wa wane don hayarsa ta tashi, hayar kowa ta tashi. A gida faɗin nauyin da ke kanka shi ne ladabin roƙo. A nan kuwa yana mai da maganar ta koma taimako, taimako kuma ana iya ba ka haƙuri a kansa a wuce.

Shekaru bayan haka wata mata da ke ƙarƙashina ta nuna mini yadda ake yi. Ta nemi minti goma ranar Talata da rana. Ta zo da takarda ɗaya, layi shida ko bakwai. Ta rubuta ranar da ta fara aiki da abin da aka ɗauke ta ta yi. A ƙasa ta rubuta abin da take yi yanzu: kwanakin da ta rufe kanti ita kaɗai cikin wata uku, sunayen waɗanda ta koya wa aiki, ranakun da aka kira ta ba zato ta zo ta cike gurbin wani, da yadda ta sauya jeren madara da yogot don masu kusa da lalacewa su riƙa fita da wuri. A ƙarshe ta sa abin da take nema. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ambaci albashin kowa ba. Takardar nan na ɗauka kamar yadda take na kai, ban ƙara ko wasali ba, cikin mako biyu aka amince. Ka yi irin tata. Daga yau ka fara rubuta komai a wayarka da kwanan wata, domin ranar zama kai zai ɗauki zafi, abin da ka sani sarai zai ɓace maka.

Lokaci kuma. Kada ka je ana tsakiyar hada-hada, kada ka je ranar da aka samu giɓi a lissafi ko aka yi sa-in-sa da kwastoma. Janairu zuwa farkon Fabrairu ya fi, domin lokacin masu kanti ke zama da akantansu suna tsara abin da Afrilu za ta zo da shi. In ka bari aka rufe lissafin, amsar da za ka samu ita ce "mun riga mun ƙara wa kowa". In kantinku irin na unguwar Alum Rock ko titin Coventry Road a Birmingham ne, wanda cinikinsa ke tashi da azumi, to kana da ƙarin dalili, tunda farkon azumin 2026 wajen tsakiyar Fabrairu ne. Wata guda kafin nan mai kanti ya fi kowane lokaci sanin darajar wanda ya san inda komai yake. Amma ka je da wuri yadda ba zai zama kamar ka jira ya shiga tsaka mai wuya ne ka matse shi ba. Ƙarin da aka karɓa ta wannan hanya akan rama shi bayan Sallah.

Kada ka yi maganar a tsaye, kada ka yi ta ta WhatsApp. Ka tura saƙo ko ka faɗa masa da baki cewa kana son minti goma a makon nan don ku yi magana kan aikinka da kuɗinka. Ka faɗi kalmar kuɗi tun a nan, don ya zo da shiri, kada ya fake da cewa ka zo masa ba zato. In kun zauna, ga abin da za ka faɗa, ka juya shi da Turancinka:

"Na gode da lokacinka. Ina jin daɗin aiki a nan, kuma ina son in ci gaba. An ɗauke ni ne in jera kaya in tsaya a kashiya. Yau wata kaza ke nan ni ke buɗe kanti, ina rufe lissafi, na koya wa mutum huɗu aiki. Kuɗina kuwa har yanzu na sabon shiga ne. Ina neman a mai da shi fam ɗaya sama da mafi ƙarancin albashi, daga farkon wata mai zuwa, kuma tazarar ta ci gaba bayan Afrilu."

Daga nan ka ja bakinka ka yi shiru. Wannan shirun shi ne wuri mafi wahala gare mu. Za ka ji kamar ka ce "amma in ba hali ba komai", ko "ko rabin haka ma ya isa". Kada ka yi. Kai ne mai kaya a wannan ciniki, ka faɗi kuɗin kayanka, saura ya taya. Ba ka taɓa ganin ɗan kasuwa ya faɗi farashi ya kuma rage wa kansa tun mai saye bai buɗe baki ba. In ya taya kwabo 30, albarka za ka ce, cikin ladabi: ka gode, amma aikin makulli ya wuce haka, ga abin da wasu kantuna ke biya. In ya kai inda ka tsara a ranka, ka sallama ba tare da jan rai ba.

Amsar da ta fi yawa ba "a'a" ba ce, "bari mu gani" ce. Kada ka tashi da ita haka. Ka tambaya yaushe za ka dawo ka ji, ku sa rana. In ya ce yanzu ba hali, ka tambaye shi me yake son ya gani, kuma zuwa wane wata, kafin a sake zama. In ya iya ba ka amsa, akwai hanya. In ya kasa faɗin ko abu ɗaya, ka samu taka amsar. Akwai kuma abubuwan da za ka iya karɓa in kuɗin ya gagara a yanzu, wasunsu ma sun fi kwabo 30 amfani. Duba takardar yarjejeniyar aikinka: awa nawa aka lamunce maka? Da yawa suna yin 30 alhali takarda ta ce 16, ko ma ba ta lamunce komai ba. Neman a mai da 30 ɗin a rubuce shi ne maganin tsoron da kake yi na rage awanni, kuma zai yi maka rana wurin neman hayar gida. Ka nemi a rubuta maka muƙamin mai riƙe makulli, domin da shi za ka nemi aiki na gaba. Ka nemi su biya maka kwas na tsaftar abinci ko na taimakon gaggawa. Ka nemi a tsayar maka da lokacin sallar Juma'a a jadawali, ka huta da roƙon canji kowane mako. Abin da ba zan so ka karɓa a madadin ƙari ba shi ne ƙarin awanni, irin wanda aka ba ni. Ga ɗalibai da za su karanta wannan, ku ma abin ya fi tsanani: bizar karatun digiri awa 20 ta yarda a mako lokacin da makaranta ke buɗe, kada wani mai kanti ya ja ku ku haura da sunan yana taimakonku. Haka in aka ce za a riƙa ba ka ƙarin a hannu ba tare da ya hau takardar albashi ba, ka ƙi. Ba ya shiga fansho, ba ya shiga kuɗin hutu, ranar da aka daina ba ka kuwa ba ka da shaida, ga matsalar haraji da ka jawo wa kanka.

Batun kora, ba zan rufe ka ba. Tun 2012, wanda bai cika shekara biyu a wurin aiki ba a Ingila ba shi da cikakkiyar damar kai ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba, kai kuma wata 18 gare ka. Gwamnatin Labour ta kawo dokar rage wannan wa'adi. Amma akwai kariyar da ke aiki tun ranar farko: ba a korar mutum don ya nemi mafi ƙarancin albashin da doka ta ba shi, ba a kuma korar sa saboda addini ko launin fata, Dokar Daidaito ta 2010 ta hana. Hukumar ACAS tana da layin waya na ba da shawara kan rikicin aiki, shawarar kyauta ce, ka kira su kafin zaman in hankalinka bai kwanta ba. Wannan ta fuskar doka ke nan. Ta fuskar abin da idona ya gani, a shekara takwas ban taɓa ganin an kori ma'aikacin kirki don ya nemi ƙari cikin ladabi ba. Waɗanda na ga abin ya juye musu su ne masu cewa "in ba a ƙara ba zan tafi" alhali ba su da inda za su. Wani mai kantin sai ya ce Allah ya kiyaye hanya, kai kuma ka saki reshe ka kama ganye. Kada kalmar tafiya ta fito bakinka sai kana riƙe da takardar ɗaukar aiki daga wani wuri, kuma ka shirya tafiyar da gaske. Kada kuma ka ambaci sunan abokin aiki ka ce wane ya gaya maka nasa albashin, za ka jefa shi cikin abin da bai nema ba.

In an amince, kada ka yi cinikin biri a sama. A ranar, kafin ka kwanta, ka tura imel ko saƙo mai layi uku: godiya, abin da aka amince, da ranar da zai fara aiki, tare da maganar tazarar bayan Afrilu. Doka ma ta ce duk sauyin da aka yi a sharuɗɗan aiki, har da albashi, a ba ma'aikaci shi a rubuce cikin wata ɗaya, don haka ba baƙon abu ka nema ba. Sannan ka duba takardar albashin farko da idonka, layin kuɗin awa za ka kalla, ba jimillar ƙasa ba. A ƙananan kantuna akanta na waje ne ke yin lissafin, kuma sau da yawa manaja na mantawa ya sanar da shi kafin a rufe na watan. In ka ga tsohon kuɗi, ka nuna saƙon nan ka nemi a cika maka daga ranar da aka sa. Ka sake yin wannan duban a takardar ƙarshen Afrilu. In tazararka kwabo 75 ce a kan fam 12.71 na Afrilun 2026, abin da ya kamata ka gani a wannan layi shi ne fam 13.46.